Kada ka bar jaki kana dukan taiki: gyaran rauni kafin jarrabawar GMAT

Wata guda cur na yi ina haddar kalmomin Turanci. Kullum bayan sallar Asuba sai in ɗauko wasu 'yan katuna da na yanka daga kwalin takalmi, kalma a gaba, ma'anarta a baya, in yi ta juyawa har shayina ya huce. Injiniyanci na karanta a Zariya, kuma shekara takwas ke nan ina fama da lambobi a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, don haka na ba kaina fatawa cewa lissafi nawa ne, Turanci ne zai kayar da ni. Ban tambayi kowa ba, ban gwada kaina ba.

Wata Asabar na kulle ɗaki na yi gwajin farko, awa biyu da kwata. Jimilla ta fito 535. Sashen Turancin da nake tsoro shi ya fi maki, 80. Lissafi 79. Sashe na uku, wanda ko leƙa shi ban yi ba tsawon watan, 71. Kuma a cikin tambayoyi 64, babu ɗaya da ta nemi in faɗi ma'anar wata kalma mai wuya. Uwargida ta leƙo ta tarar da ni na zuba wa kwamfuta ido, ta ce, "Injiniya, lafiya dai?" Na ce mata lafiya lau, jaki na bari ina dukan taiki.

Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na yi na gano jakin. Duk wanda ya ce maka "lissafi ne matsalata" ko "Turanci ne matsalata" bai san matsalarsa ba tukuna. Rauni a wannan jarrabawa ɗan ƙaramin rami ne mai suna, kuma sai ka iya kiran sunansa kafin ka iya cike shi.

Fara da sanin jarrabawar da za ka shiga

GMAT jarrabawa ce da makarantun kasuwanci masu yawa a duniya ke nema kafin su ba mutum gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, irin su INSEAD ta Faransa da makarantar kasuwanci ta Landan. Hukumar GMAC da ke Amurka ce mai ita. An sauya wa jarrabawar fasali a watan Nuwamba na 2023, tsohon tsarin kuma ya daina aiki bayan 31 ga Janairun 2024. Wannan kwanan wata ya shafe ka kai tsaye, domin yawancin littattafan da ake turawa juna a WhatsApp, da waɗanda yayyenmu suka bari a kabad, na tsohon tsari ne. Idan littafinka yana da babin gyaran jimla, ko na kusurwoyi da da'ira, ko na rubuta insha'i, tsallake su. An cire su duka. Na san wanda ya kwashe mako uku yana haddar nahawu saboda tambayoyin da ba za su zo ba.

Yanzu sashe uku ne, kowanne minti 45. Lissafi tambaya 21, babu kalkuleta. Karatu da hujja, wato sashen Turanci, tambaya 23. Sai sashen tantance bayanai, wanda za ka ga an rubuta masa Data Insights, tambaya 20, shi kaɗai ne ake ba ka kalkuleta a fuskar kwamfuta. Kowane sashe makinsa daga 60 ne zuwa 90, jimilla kuma daga 205 zuwa 805. Sassan uku nauyinsu ɗaya a jimillar. Ka riƙe wannan, domin shi ne ya sa na ajiye katunana: maki ɗaya a sashen da kake 71 daidai yake da maki ɗaya a sashen da kake 80, amma na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba.

Idan ka ji wani yana cewa ya ci 700 a shekarun baya, kada gabanka ya faɗi. Ma'aunin ya sauya. GMAC da kanta ta ce 645 ta yanzu ita ce kwatankwacin 700 ta da.

Abu na ƙarshe kan fasalinta: jarrabawar tana bin sawunka. Ka ci tambaya, ta ƙara maka mai wuya. Ka faɗi, ta sassauta. Saboda haka kusan kowa yana fitowa yana jin an dake shi, mai ƙoƙari da mai rauni. Yadda ka ji a jikinka ba ma'auni ba ne.

Gwajin farko

A shafin mba.com akwai cikakkun gwaje-gwaje biyu na kyauta, na GMAC da kanta. Yi na farko tun kafin ka buɗe littafi, ko dai kada ka wuce mako guda. Mutane suna jan ƙafa wai sai sun shirya, alhali ba don a yaba maka ake yin sa ba, don a auna ka ne. Likita ba ya jira ka warke kafin ya ɗebi jini.

Ka yi shi kamar da gaske. Cika cajin kwamfuta, tanadi wutar da ba za ta ɗauke ba, kai waya wani ɗaki, faɗa wa mutanen gida ba ka nan. Kada ka danna tsayawa don ka amsa sallama. Kada ka ɗauki kalkuleta a sashen lissafi wai ai gwaji ne. Idan ka yaudari gwajin, ƙarya zai gaya maka, kai kuma ka gina wata uku a kan ƙarya.

Littafin kurakurai

Nan ne aikin yake. Na sayi littafin rubutu mai bango ja, irin na 'yan firamare, na ja layi na raba kowane shafi gida biyar. Gida na farko, irin tambayar. Na biyu, minti nawa ta ci mini. Na uku, amsar da na zaɓa da abin da ya ja ni gare ta. Na huɗu, dalilin faɗuwa. Na biyar, abin da zan yi idan na sake haɗuwa da 'yar'uwarta.

Gida na huɗu shi ne zuciyar littafin, kuma na taƙaita wa kaina dalili huɗu kacal. Ko dai ban san ƙa'idar ba sam. Ko na sani amma na karanta tambayar a gurguje na amsa abin da ba a tambaya ba. Ko na sani amma na bi doguwar hanya har lokaci ya cinye. Ko kuma tarko aka ɗana na faɗa, wato amsar da aka ajiye musamman don mai tunani irin nawa.

Akwai kalma ɗaya da na haramta wa kaina rubutawa ita kaɗai: ganganci. A makon farko kusan duk shafi "ganganci" ne. Kalma ce mai daɗi, tana wanke mutum, tana cewa ai ka iya, tsautsayi ne. Amma ba ta gyara komai. Sai na tilasta wa kaina in faɗi wane irin ganganci. "An tambayi kuɗin da ya rage, na ba da kuɗin da aka kashe." "Jadawalin a dubbai yake, na karanta shi a ɗaiɗai." "Na manta lamba tana iya zama ƙasa da sifili." Da na fara rubuta su haka, sai na ga ashe ba tsautsayi ba ne. Tsautsayi ba ya zuwa sau tara a mako biyu da kama ɗaya.

Wani abu da mutane ke tsallakewa: tambayar da ka ci da canki-canka, ita ma kuskure ce, shigar da ita. Haka wadda ka ci amma ta cinye maka minti huɗu. A ɗakin jarrabawa wannan cin faɗuwa ce, domin ta saci lokacin tambayoyi biyu na gaba.

Bayan mako uku na zauna na ƙirga. Kurakurai saba'in da 'yan kai. Waɗanda suka faɗa gidan "ban sani ba" ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran duk abubuwa ne da na sani. Da littafin karatu na ci gaba da bi daga bango zuwa bango, da na yi ta koyon abin da na riga na iya, ramukan kuma suna nan yadda suke. Ramukana uku ne suka fito fili: tambayoyin isar bayani, kaso cikin ɗari idan ya hau kan wani kason, da rashin iya sakin tambaya idan ta ƙi.

Naka ba lallai su zama waɗannan ba. Wani abokin aikina da muka yi shiri tare, akanta ne, nasa ramin dogon nassi ne na kimiyya, da ya ga an fara maganar ƙwayoyin halitta sai hankalinsa ya tafi kasuwa. Amma bari in nuna yadda na bi da nawa, hanyar ɗaya ce.

Ramin farko: shin bayanin ya isa?

Wannan irin tambaya, wadda ke zuwa a sashen tantance bayanai, babu ita a WAEC, babu ita a JAMB, babu ita a duk jarrabawar da na yi a jami'a. Ana ba ka tambaya da bayani biyu, kuma ba a son amsar tambayar. Ana son ka faɗi ko bayanin da aka ba ka ya isa a amsa ta. Zaɓin biyar ba sa sauyawa. A, bayani na ɗaya kaɗai ya isa, na biyu bai isa ba. B, na biyu kaɗai ya isa. C, sai an haɗa su. D, kowanne shi kaɗai ya isa. E, ko an haɗa su ba su isa ba. Ka haddace su kamar lambar wayarka, kada ka ɓata daƙiƙa ɗaya wajen karanta su ranar jarrabawa.

Ga irin wadda ta yi ta kayar da ni, na mayar da ita kuɗinmu. Yarinya ta sayi biro a kan naira 300 kowanne, da littafi a kan naira 700 kowanne. Biro nawa ta saya? Bayani na ɗaya: jimillar abin da ta kashe naira 2,000 ne. Bayani na biyu: adadin biro daidai yake da adadin littafi.

Injiniyan da ke cikina nan take ya ce: abubuwa biyu ne ba a sani ba, dole sai da lissafi biyu, amsa C. Haka aka koya mana, kuma a aji gaskiya ne. Amma tsaya ka gwada bayani na ɗaya shi kaɗai. Idan ba ta sayi littafi ba, 2,000 ba ta rabuwa da 300. Littafi ɗaya, saura 1,300, ba ta rabuwa. Littafi biyu, saura 600, biro biyu cif. Littafi uku ya wuce kuɗin. Hanya ɗaya ce tal, domin ba a sayar da rabin biro. Bayani na ɗaya ya isa. Na biyu kuwa bai isa ba, tana iya sayen ɗaya-ɗaya ko goma-goma. Amsa A ce. C tarko ce, kuma don irina aka ɗana ta, masu ƙa'ida a ka.

Abin da na rubuta a gida na biyar ranar shi ne: idan C ta zo da sauƙi, koma ka matsa kowane bayani shi kaɗai. Layin nan ya cece ni fiye da kowane babi.

Ga dabi'u uku da na ɗora a kansa. Da farko, in rufe bayani na biyu da hannu yayin da nake auna na ɗaya, sannan in manta da na ɗaya sarai yayin da nake auna na biyu. Na biyun ya fi wuya, domin abin da ido ya gani ba ya fita ka da sauƙi. Sannan in riƙa gwada lambobin da ba sa zuwa zuciya da wuri: sifili, lamba ƙasa da sifili, rabi. Idan aka ce x sau x ya ba da 16, kada ka ce x huɗu ne ka wuce, yana iya zama huɗu ƙasa da sifili. Na uku, amsar "a'a" tabbatacciya ita ma isa ce. Idan aka tambaya ko n cika ce, bayanin kuma ya nuna mara ce ko ta yaya, to ya isa, domin ya amsa tambayar. Wannan ya kayar da ni sau huɗu kafin ya zauna.

Sauran tambayoyin sashen, na jadawali da zanen ƙididdiga da waɗanda ake ba ka shafi biyu ko uku ka riƙa kaiwa da komowa, maganinsu ɗaya ne a wurina: daƙiƙa ashirin na farko ban taɓa tambayar ba. Taken jadawalin nake karantawa, da ma'aunin, naira ce ko dubban naira, kaso ne ko adadi, da 'yar rubutun da ke ƙasa. Ka kuma sani cewa tambayar da ke da rassa biyu ko uku, sai ka ci dukkansu ake ba ka makinta. Babu rabin lada.

Rami na biyu: lissafin da na raina

A ce buhun shinkafa naira 50,000 ne. Ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, sannan ya sauka da kashi 20. Nawa yake yanzu? Ni da nake wannan aiki kullum a ofis, a gwaji na danna 50,000. Ya tashi zuwa 60,000, kashi 20 na 60,000 kuwa 12,000 ne, ya dawo 48,000. Haka tambayar mota: ka tafi da gudun kilomita 60 a awa, ka dawo da 40, matsakaicin gudunka ba 50 ba ne. A ce tafiyar kilomita 120 ce, zuwa awa biyu, dawowa awa uku, kilomita 240 a awa biyar, 48 ke nan. Ɗan hakin da ka raina.

Da na duba da kyau, sai na ga abin da ya faru da ni shi ne Excel. Shekara takwas kwamfuta na yi mini ƙidaya, hannuna ya mutu. Dillalan da muke sayen shanshera a wurinsu a Dawanau, wasu ko firamare ba su gama ba, sukan faɗi kuɗin buhu ɗari da talatin da bakwai kafin in gama buɗe waya. Wata rana na tambayi wani dattijo a cikinsu, "Baba Alhaji, yaya kake yi?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai ɗari da arba'in nake lissafawa, in cire uku." Wannan ita ce dabarar sashen lissafin GMAT gaba ɗaya. Cika lambar ta zama mai sauƙi, yi aikinka, ka gyara daga baya. Sau da yawa ma zaɓin amsoshin sun yi nisa da juna, ƙiyasi kaɗai ya isa.

Na ware minti goma kullum na tayar da hannun. Lamba sau kanta daga 1 zuwa 25. Ɗaya bisa takwas kashi 12.5 ne, ɗaya bisa shida kusan 16.7, ɗaya bisa bakwai kusan 14.3. Lambobin da ba sa rabuwa da komai sai ɗaya da kansu, har zuwa 50. Kuma duk tambayar kaso da ba a faɗi farashi ba, sai in sa 100 in yi aiki da ita. Idan tambaya ta cika da haruffa, in sa lambobi a madadinsu. Idan ta ƙi, in ɗauki amsar tsakiya in mayar da ita cikin tambayar in ga ko ta zauna.

Akwai abin da na saki da gangan. Tambayoyin jere da zaɓe masu wuya, irin su ta hanya nawa mutum bakwai za su zauna idan biyu ba sa shiri, na koyi na saman na bar na ƙasan. A duk gwaje-gwajen da na yi ba su fi ɗaya ko biyu ba, kuma da na nace musu da sun ci mini mako biyu. Ba kowane rami ne ya cancanci siminti ba. Auna sau nawa yake fitowa a littafinka, auna kwana nawa zai ci, sannan ka yanke.

Turanci, a taƙaice

Tunda ba nan ne ciwona ba, ba zan daɗe ba. Iri biyu ne: fahimtar nassi, da auna hujja. Na biyun kamar haka yake. Mai shago ya kafa sabon allon talla, cinikinsa ya ninka a watan, sai ya ce allon ne ya kawo ciniki. Wace magana ce za ta fi raunana hujjarsa? Ba tsadar allon ba, ba kyan rubutunsa ba. Ita ce a ce watan da ya kafa allon watan Sallah ne, duk kasuwar ciniki ya ninka. Abin da ake nema ke nan, giɓin da ke tsakanin dalili da hukunci.

Dabarata ita ce in faɗa wa kaina hukuncin da Hausa, a jimla ɗaya, kafin in kalli zaɓi. Idan na kasa faɗinsa da Hausa, ban fahimce shi ba, komai yawan kalmomin da na gane. Sannan ka kula da ƙananan kalmomi, waɗanda ke nufin "wasu", "mafi yawa", "duka", "ban da". A kansu ake yanka mutane. Kuma ka ajiye saninka a ƙofa. Ko da kai masanin harkar ne, kuma ka san abin da nassin ya faɗa ba haka yake a kasuwa ba, da abin da ke rubuce za ka amsa.

Abokina akanta ya warkar da nasa ciwon da karanta maƙala ɗaya kullum a kan abin da ya tsana, a fuskar kwamfuta ba a takarda ba, yana taƙaita kowane sakin layi da kalma biyar.

Rami na uku: girman kai

Na kira shi rashin iya sakin tambaya, amma sunansa na gaskiya ke nan. A lissafi kana da kusan minti biyu da daƙiƙa tara ga kowace tambaya, a Turanci ƙasa da minti biyu kaɗan, a tantance bayanai minti biyu da kwata. A gwajina na biyu na zauna a kan tambaya ta shida minti bakwai, don na rantse injiniya ba zai bar ta ba. Na ci ta. Sannan na yi canki-canka a biyar na ƙarshe. Barin tambayoyi babu amsa kuwa ya fi wannan muni, ana zaftare maki a kansa, don haka ko lokaci ya ƙure ka danna wani abu ka wuce.

Dokar da na kafa: minti uku, idan ban ga hanya ba, in cire zaɓin da na tabbata ba su ba ne, in zaɓi ɗaya, in sa mata alama, in wuce. Sabon tsarin yana ba ka damar komawa bayan ka gama sashen, idan lokaci ya rage, ka duba duk wadda kake so, amma amsa uku kacal za ka iya sauyawa a kowane sashe. Na kuma daina kallon agogo bayan kowace tambaya, yana tayar da hankali. Sau biyu nake dubawa a lissafi: a tambaya ta 7 ya kamata saura minti 30, a ta 14 saura 15.

Kai ne ke zaɓen jerin sassan, da kuma inda za ka sa hutunka na minti goma, bayan sashe na farko ko na biyu. Kada ka bar wannan sai ranar. Gwada jeri daban-daban a gwaje-gwajenka. Ni na gano cewa idan na bar tantance bayanai a ƙarshe, idona ya gaji, ina tsallake ma'auni. Sai na sa shi a farko, lissafi na biyu, hutu, sannan Turanci.

Yadda mako yake tafiya

Awa ɗaya da rabi bayan Asuba, kafin yara su tashi. Da daddare na gwada, ban ga amfaninsa ba, kai ya riga ya cika da hayaniyar injin. Rami ɗaya nake ɗauka in zauna a kansa mako biyu. Kwanakin farko tambaya goma babu agogo, har sai ina cin takwas ko tara. Sannan goma da agogo. Sannan in cakuɗa su da wasu iri, domin a jarrabawa ba wanda zai sanar da kai cewa ga tambayar kaso nan tafe. Sassan da nake da ƙarfi ina ba su minti ashirin sau biyu a mako don kada su yi tsatsa.

Juma'a da safe ba na taɓa sabuwar tambaya. Littafi mai bango ja nake buɗewa, in rufe amsoshi, in sake yin waɗanda suka kayar da ni mako biyu baya. Wadda na sake faɗi sai in zagaye ta da jan biro. Mai zagaye biyu ita ce darasin mako mai zuwa.

Cikakken gwaji kuwa kada ka yi almubazzaranci da shi. Ɗaya duk mako biyu ko uku ya isa, kuma bitarsa ta fi yin sa cin lokaci: Asabar gwaji, Lahadi gaba ɗaya bita. Wanda ke yin gwaji kullum ba ya bita kamar mai hawa sikeli ne sau biyar a rana yana jiran ƙiba. Ka kuma fifita tambayoyin GMAC, na shafinta da na littafin da take bugawa duk shekara. Na wasu kamfanoni suna da amfani wajen koyon ƙa'ida, amma tarkonsu ba irin na asali ba ne, musamman a auna hujja.

Kafin ka biya kuɗi

Da dala ake biya, kuma ka san yadda dala take. Kada ka sa rana sai gwaje-gwajenka biyu a jere sun kai kusa da makin da kake nema. Makin da kake nema kuma daga shafin makarantar za ka samo shi, yawancinsu suna wallafa matsakaicin makin ɗalibansu. Duba ma ko suna karɓar GRE, wata jarrabawar shiga karatun gaba da digiri, a madadinta, da yawa suna karɓa. Idan ka yi ba ta yi kyau ba, sai bayan kwana 16 za ka iya sakewa, kuma ba fiye da sau biyar a wata goma sha biyu ba. Sakamakon yana aiki shekara biyar. Sai ka ga makinka kafin ka zaɓi makarantun da za a aika wa, kuma biyar na farko kyauta ne idan ka aika cikin awa 48 da fitowar sakamakon hukuma. Sunan da ka yi rajista da shi ya zama daidai da na fasfonka harafi da harafi. Mu da ake rubuta mana Muhammad a nan, Mohammed a can, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mako na ƙarshe ban koyi sabon abu ba. Na bi gida na biyar na littafin daga farko zuwa ƙarshe, na tsamo layi shida da suka fi maimaituwa, na rubuta su a bayan ɗaya daga cikin katunan kwalin takalmin nan. Shi na karanta a mota, na bar shi a jaka kafin in shiga.

Na fito da 625: lissafi 82, Turanci 82, tantance bayanai 79. Rahoton da suke turowa daga baya yana nuna yadda ka yi a kowane irin tambaya da lokacin da ka ɓata a kowacce. Nawa ya nuna isar bayani ta gyaru, amma tambayoyin shafi uku har yanzu suna cinye mini kusan minti huɗu kowacce. Na buɗe sabon shafi a littafin na rubuta shi, sannan na duba farashin dala a ranar, na rufe littafin na fara cike takardun neman gurbi.